Shekarar da Na Zana Dawakin Mahaifinku

Yanzu na iso shekarar da kowannenku yake da nasa labarin a kanta, alhali babu ɗayanku da yake gidan a lokacin. Babbanku yana Kaduna wurin aiki, Hadiza tana ɗakinta a Ƙanƙara, ku ƙananan kuna karatu a Zariya. Abin da ya iso kunnuwanku shi ne wai na mai da mahaifinku abin dariya, na zana shi a tsakiyar dawakin wasan yara bayan an raba shi da nasa na gaskiya. Na daɗe ina jin wannan magana ina haɗiyewa. Yanzu da ƙafa ta yi nauyi, ido ya fara hazo, gara ku ji yadda aka yi daga bakina tun ina iya riƙe alƙalami.

Jikokina ba su san Malam, mahaifinku, ba sai a matsayin tsoho mai ƙarancin magana. To ku gaya musu, a ƙauyenmu na kusa da Ruwan Goɗiya, in aka ce mai doki ba a ƙara suna. Tun daga Mairuwa har Sabuwa, duk wanda duƙushinsa ya isa hawa, ko dokinsa ya koyi cizo da harbi, wurinsa ake kawowa. Bayan gidanmu akwai fili da ƙafar dawaki ta tattake har ya zama da'ira, ciyawa ba ta fitowa a kai ko da damina. Nan yake tsayawa a tsakiya da doguwar igiya, dabbar tana zagaya shi, shi kuma yana juyawa a hankali yana kaɗa harshe. Ban taɓa ganin ya ɗaga bulala ba. Ni kuwa malamar firamare ce, na koyi zane a kwalejin horon malamai, kuma ina ƙaunar zanen, amma bayan aure bai wuce in zana wa yara taswira da sassan fure a allo ba. Akwatin fentina na mai yana ƙarƙashin gado, rabin bututun sun bushe sun zama dutse.

Ba zan tsaya kan ranar da ɓarayin daji suka shigo ba. Kun san an kora shanun gari, kun san an kwance dawakin da ke bargarmu gaba ɗaya, nasa da na mutane da aka ba shi amana. Mun tsira da rai, kuma wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Muka dawo cikin Faskari, yayansa Alhaji Bawa ya ba mu wani ɗan gida a bayan nasa, aka mai da ni wata makaranta a cikin gari. Masu dawakin babu wanda ya tuhume shi, kowa jaje ya zo yi. Amma Malam ya zauna. Daga masallaci sai gindin katanga, daga gindin katanga sai masallaci. In na kai abinci ya taɓa kaɗan ya ture. In na yi magana ya ce to. Mutumin da yake hira da dabba tun hantsi har azahar, ya koma ba ya haɗa kalma uku da mutum. An kai shi asibiti aka ce jininsa ne ya ɗan hau, aka ba da ƙwayoyi. Na san ba nan ciwon yake ba, kuma ina kallo yana zubewa kamar ginin ƙasa a tsakiyar damina.

Da ƙaramar Salla ta zo, Hadiza ta matsa mu je Ƙanƙara, da ƙyar ya yarda. Washegarin Salla da la'asar muka fito za mu gaida wasu dangi, sai muka tarar da cincirindon yara a wani fili. Wani mutum ne ya kawo lilon dawaki a babbar mota ya kafa. Faifai ne babba na ƙarfe, da ginshiƙi a tsakiya da rumfa kamar laima, an jera dawakin katako kewaye, kowanne an soke shi da sandar ƙarfe daga gadon baya. In aka ta da janareto sai faifan ya juya, dawakin suna hawa suna sauka, yara suna ihu. An shafe su da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, idanunsu a zazzare, bakunansu a buɗe. Na yi nufin mu wuce da sauri don kada abin ya sosa masa rai, sai na ga ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, hannunsa na dama a ɗan ɗage, yatsunsa suna motsi kamar mai sassauta igiya, kuma na tabbata bai san yana yi ba. Da muka juya ya yi magana, ba da ni ba, da iska.

"Wanda ya sassaƙa waɗanga bai taɓa tsayawa tsakiya ba."

Maganar nan ita ce mafi tsawo da na ji daga bakinsa tun barinmu ƙauye. Na riƙe ta har muka dawo Faskari. Na aika wa ƙawata da ke koyarwa a Zariya ta sayo mini sabon fentin mai da burushi, na sa kafinta ya haɗa mini katako mai faɗin ƙofar ɗaki in an kwantar da ita, na ja akoko mai kauri a kai na kafe da ƙusa, na shafe da farin fenti na bar shi ya sha iska. Na kafa shi a rumfar tsakar gida, daidai inda in yana zaune gindin katanga dole idonsa ya faɗa. Ba zan yi muku ƙarya ba, da gangan na zaɓi wurin. In na taso daga makaranta na sauke tukunya, sai in zauna in yi aiki har hasken ya tafi. Da fari lilon kawai na zana, yadda na gan shi, da rumfarsa da sandunansa da dawakin da suka miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya. Hannuna ya manta aiki. Fentin yana yi mini kauri, in na sirka da kananzir ya yi ruwa ya zubo. Gidan duk ya ɗauki wari, har tuwo sai ka ji kamar da shi aka tuƙa. Amma na lura Malam ya daina juya wa rumfar baya.

Wata rana ina gyaran dokin da ke gaba, na ji tsayuwarsa a bayana. Ya ce dokin nan in mai rai ne da tuni ya faɗi. Na ce ai na katako ne. Ya ce ko na katako ne ba a yi masa ƙarya. Sai ya shiga bayani, muryarsa a dishe saboda rashin amfani. Ya ce doki in yana zagaye ba ya tafiya a miƙe, jikinsa yana karkata ciki, ƙafar gaba ta ciki ita ke jan tafiya, wuya yana lanƙwasa kamar baka. Ya nuna kunnen da tsinin yatsa, bai taɓa fentin ba.

"Kunnen ciki kuma kullum shina ga mutum. In kin ga ya juyo miki da shi, ya fara jin magana. In bai juyo ba, ko shekara za ki yi kina jan igiya, wahala ce kawai."

Amfanin fentin mai shi ne ba ya bushewa da wuri. Na ɗauki wuƙa na kankare dokin a gabansa, na ce to ya gaya mini wane doki zan sa a gurbin. Sai ya ce in sa Akawal, baƙin nan mai farin goshi. A ranar na ga abin da zanen zai zama, kuma na ƙudurta sai na kai shi ƙarshe ko me zai biyo baya. Dawakin da ke can bayan faifan za su zauna na katako da sandunansu. Amma yayin da da'irar take zagayowa gaba, sandunan za su ɓace, fentin ja da shuɗi ya koma gashi da gumi, kofato ya sauka daga ƙarfe ya taka jar ƙasar bayan gidanmu. A tsakiya kuwa, inda ginshiƙin yake, zan cire shi in tsai da mahaifinku da igiyarsa.

Haka muka ci damina. Ni ban san dawakin nan ba sai daga bakin ƙofa, shi kuwa ya san kowanne kamar ɗan cikinsa. Ya gaya mini goɗiyar nan fara tana da tabo a cinya inda ƙaya ta taɓa yankarta, kuma ba ta yarda a zo mata ta hagu. Ya gaya mini jan dokin wani mutumin Sabuwa yana da gajeren wuya da faɗin ƙirji, mai taurin kai ne amma bai taɓa yin mugunta ba. Yana faɗi ina haɗa launi, in ya ce ja ya yi yawa in ƙara ƙasa-ƙasa. Wani lokaci sai mun yi musu, ya ce ban iya ba, in ce to ya karɓi burushin. Ranar da ya yi dariya saboda na yi wa Akawal wutsiya kamar tsintsiya, na shiga madafa na share hawaye na ce hayaƙi ne. Ya koma cin abinci. Ni kuma tari ya kama ni saboda kananzir, tarin da kuke ji har yau in sanyi ya shigo.

Amma gida a cikin gari ba ya da sirri. Matan maƙwabta masu shigowa ɗibar wuta sun ga zanen, kuma a lokacin na riga na fitar da siffar Malam a tsakiya, fuska da gemu da hula. Magana ta fita ta dawo da ƙafafu. Wasu matasa a bakin masallaci suka fara ce masa sarkin dawakin katako a bayan idonsa, har ta kai ga kunnensa. Sai ga Alhaji Bawa ya yi sallama wata safiyar Asabar. Mutum ne mai kirki, shi ya rufa mana asiri lokacin da ba mu da wurin sa haƙarƙari, kuma ba zan yarda ɗayanku ya riƙe shi da mugun nufi ba. Ya tsaya daga nesa ya dubi zanen sau ɗaya ya kau da kai. Ya ce abu biyu ne suka kawo shi. Na farko, shi a fahimtarsa zanen mai rai ba abin ajiyewa ba ne a gidan Musulmi. Na biyu, ƙaninsa ya rasa dukiya, bai kamata ya rasa mutunci a hannun iyalinsa ba. Na durƙusa na ce na ji, kuma na girmama fahimtarsa, ni ma na tambayi malamai tun ina ɗaliba na ji maganganunsu sun bambanta. Na ce amma ya dubi ƙaninsa da kyau, ya tuna yadda yake kafin Salla.

"Alhaji, kai ka ba mu ɗaki, Allah ya saka. Amma ɗaki bai tashe shi ba. Wannan ne ya tashe shi, kuma ba zan ajiye ba."

Ban taɓa mai da wa babba magana ba kafin ranar. Ya ce to tunda haka ne, shi ƙafarsa ba za ta sake shiga tsakar gidan ba muddin abin yana nan. Kuma ya cika. Har Allah ya karɓi ransa muna gaisawa a zaure, yana aiko mana da hatsi da kaka, amma bai sake tsallake ƙofar ciki ba. Shi ne ya kira babbanku a waya, shi kuma ya kira ni yana huci, ya faɗi maganganun da na yafe tun a ranar, ya ƙi zuwa gida da babbar Salla. Wannan ya fi komai ci mini rai a shekarar.

Da Alhaji ya fita, Malam ya koma gindin katanga ya zauna har la'asar. Sannan ya kira ni ya ce in kankare shi daga zanen, dawakin su zauna amma shi a cire shi. Na ce in na cire shi, me dawakin za su zagaya? Ya ce in mai da ginshiƙin. Na ce ginshiƙi bai taɓa horar da doki ba. Raina yana gaya mini in na yi gardama na karya abin da nake gini, in na bi kuma na mai da shi inda na ɗauko shi. Sai na ce na yarda zan cire fuskar. Zan juya shi ya ba mai kallo baya, babu wanda zai ce ga wane, sai rigar da kafaɗa da hannu. Amma hannun ba zan taɓa ba. Ya dube ni ya ce tun da ya aure ni bai san ina da taurin kai irin na jan dokin Sabuwa ba. Na ce ai shi ya ce dokin bai taɓa mugunta ba.

Na kankare fuskar da na fi wata ina yi. Ba ƙaramin ciwo na ji ba, don ta fito, har ƙanƙancewar idonsa in yana duban rana. Na juya shi baya. Sai kuma hannun ya gagare ni, domin daga baya riƙon igiya daban yake fitowa. Na yi na goge, na yi na goge. Da ya gaji da kallona, sai ya tashi ya kwance igiyar shanya, ya tsaya a tsakiyar gidan ya ce in duba da kyau don ba zai maimaita ba. Ya naɗe ragowar a hannun hagu, ya saki ta dama tsakanin yatsa biyu, ya fara juyawa. Babu komai a ƙarshen igiyar, tana jan ƙasa ne kawai. Amma kafaɗarsa ta miƙe, diddigensa yana juyawa a wuri ɗaya, harshensa ya fara wannan kaɗawar da na shekara ban ji ba. Kajin gidan suka watse. Ya zagaya ya sake zagayawa, ya sauya hannu ya koma ɗaya gefen, ya manta da ni sam. Ban zana komai ba ranar, kallo kawai na yi, kuma da shi na yi aikin hannun daga baya.

Bayan an yi girbi, sai ga Alhaji Mamman na Sabuwa, mai jan dokin nan da aka kora tare da namu. Ya shigo Faskari ta'aziyya ya ce bari ya biyo ya gaida Malam. Tsohon abokinsa ne, don haka aka shigo da shi ciki. Yana zama idonsa ya faɗa kan rumfa, ya miƙe ya matsa kusa, ya nuna jan dokin ya kira sunansa. Ya daɗe a tsaye yana gyaɗa kai. Da ya dawo ya zauna, sai ya ce ashe Malam bai sani ba, shekara uku kafin a kawo dokin horo ya yi wa wata goɗiya ciki a gida, ta haifi duƙushi namiji, ja kamar ubansa. Yanzu ya isa hawa amma ya gagari kowa. Wani ya gwada shi da bulala, tun daga nan ko inuwar mutum ya gani sai ya miƙe tsaye. Har an ba shi shawara ya sayar. Ya roƙi Malam ya zo ko dubawa ce ya yi. Malam ya ce shi ya bar wannan aiki, wanda aka kwashe amana a hannunsa ba ya sake karɓar wata. Alhaji Mamman ya ce shi bai taɓa ganin laifinsa ba, amma bai matsa ba, ya yi sallama ya tafi.

Ni na matsa. Na bar shi ya kwana biyu, sannan na ce masa dabbar nan in aka sayar da ita a haka, hannun da za ta faɗa sai ya fi na farko tsanani, kuma ya fi ni sanin ƙarshen dokin da aka ce ba ya horuwa. Ya ce hanya ba ta da kyau. Na ce mutane suna bi da hantsi ranar kasuwa, mu ma za mu bi, Allah ne mai tsarewa. Ya ce mu? Na ce ƙafata ƙafarsa. Na nemi izini a makaranta, na ɗaure masa riguna biyu a jaka ba tare da na gaya masa ba, muka hau mota.

Duƙushin yana ɗaure a turke a wani garke bayan gidan Alhaji Mamman, an yi masa dabaibayi, gumi ya jiƙe masa wuya tun kafin kowa ya matsa. Matan gidan suka ba ni kujera a bakin ƙofar garken inda zan iya gani. Malam ya sa aka kwance dabaibayin da dabara, ya ce kowa ya fita. Na zaci igiya zai nema. Bai nema ba. Ya sami wuri nesa kaɗan da turken ya tsuguna, ya ba dabbar baya, ya ɗebi ɗan karan harawa yana murzawa a hannu kamar wanda ba shi da aikin yi. Duƙushin ya yi ta fizga yana haniniya yana tona ƙasa. Rana ta take, aka kira azahar, Malam ya je ya yi salla ya dawo ya tsuguna inda ya tashi. Matan gidan suka fara tambayata ko lafiya, na ce su bar shi. Can wajen la'asar fizgar ta ragu. Dabbar ta tsaya tana huci, ta miƙa wuya iyakar igiyarta, ta ja baya, ta sake miƙawa. Sai ta taka ɗaya, ta sa hanci a kafaɗarsa ta shinshina. Bai motsa ba. Ya buɗe tafin hannu kawai a gefensa, harawar tana kai, duƙushin ya sunkuya ya ci.

Da ya fito, gwiwoyinsa sun ƙage har sai da ya dafa katanga. Direban da zai mai da mu yana ta aiko a yi sauri kada yamma ta yi mana a hanya. Malam ya dubi jakar da ke hannuna, ya gane abin da ke ciki, ya miƙo hannu ya karɓa.

"Malama, ki tahi gida kada ki rasa mota. Wanga aiki ba na yini ɗaya ba ne."

Na koma Faskari ni kaɗai a kujerar baya, tsakanin buhunan masara da wata mata mai goyo. Sai da sanyi ya wuce ya dawo, ya yi baƙi ya rame, yana cin tuwo kamar saurayi, kuma kafin ya huta wani daga Mairuwa ya riga ya aiko. Daga nan har ƙarfinsa ya ƙare bai sake rasa dabbar da yake horarwa ba, ko da yake bai sake mallakar tasa ba. A watannin da ba ya nan na gama zanen ni kaɗai, babu mai ce mini ja ya yi yawa. Da ya shigo ya ajiye jaka ya tsaya gabansa, na tsaya a bayansa ina jiran gyara. Ya duba tun daga wannan gefe har wancan, ya ce da sauran wuri kaɗan nan gaba kusa da goɗiyar, in fentina bai ƙare ba yana da wani jan duƙushi da zai gaya mini kamanninsa.